Madalen: Wainar Faransawa a Tandar Gidanmu

Duk wanda ya zauna a Basirka ya san yadda gida yake cika in Kirsimeti ta gabato. 'Yan makaranta sukan dawo hutu, 'yan'uwa da ke aiki a Dutse da Kano da Bauchi su iso da iyalinsu, maƙwabta kuma, Kirista da Musulmi, su yi ta shigowa gaisuwa. Ba uwargidan da take so a ce an zo gidanta an fita baki a bushe. Saboda haka sau da yawa sai a ci bashin mai kanti a sayo biskit da alewa, sa'an nan a shiga watan Janairu ana fama da biya, ga kuɗin makaranta kuma yana jira.

Bara wata gwaggon maiɗakina ta zo mana daga Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar. Cikin tsarabarta akwai wani gwangwani cike da 'yan ƙananan waina, gefensu ja-ja, cikinsu rawaya, kowace da ɗan tozo a bayanta. Yara suka cinye kafin a gama gaisuwa. Maiɗakina ta ce, "Gwaggo, wannan wace irin masa ce?" Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Ba masa ba ce, 'yar nan. Madalen ake ce mata. Tun ina budurwa na koya a gidan da na yi aiki." Da ta lissafa kayan haɗin, sai maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, ai duk muna da su a garin nan." Ƙwai ne, da sukari, da fulawa, da man shanu. Tun daga ran nan muka shiga gwaji. Abin da muka koya, da inda muka yi kuskure, shi nake so in faɗa wa masu karatu.

Daga ina madalen ta fito?

Garin da ya yi suna da ita ana kiransa Komersi, a lardin Loren, arewa maso gabashin ƙasar Faransa. Sunan kuwa sunan mace ne. Wanda muke cewa Magadaliya, kamar Maryamu Magadaliya, shi ne Faransawa suke cewa Madalen.

Mutanen garin suna da labarin da suke bayarwa. A ƙarni na 18 wani basarake mai suna Istanislas, wanda dā ya yi sarautar Folan, shi yake mulkin Loren, daga 1737 zuwa 1766. 'Yarsa ce matar Sarki Luwi na 15 na Faransa. Suka ce wata rana, wajen 1755, ya tara baƙi, sai aka rasa abin zaƙi da za a sa musu bayan abinci. Wata yarinya mai aiki a gidan, Madalen, ta gasa wainar da ta koya wurin kakarta. Baƙi suka yaba, basaraken kuma ya sa wa wainar sunan yarinyar. Labarin gargajiya ke nan, irin wanda kowane gari yake da shi a kan abin da yake taƙama da shi.

Abin da ya fitar da sunan wainar duniya shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo daga Faris zuwa Istarasbur, wanda aka gama a 1852, ya bi ta Komersi. In jirgi ya tsaya, sai mata su rufa a kan fasinja da 'yan akwatunan madalen suna talla, daidai yadda ake rufa wa motar haya da masa da dafaffen ƙwai a tashoshinmu. Matafiya suka riƙa kai ta tsaraba, har ta zama abin shan shayi a duk faɗin ƙasar. A 1913 kuma wani marubuci mai suna Marsel Purust ya fitar da littafi wanda a cikinsa wani mutum ya tsoma madalen a shayi, ɗanɗanon ya tuna masa da ƙuruciyarsa a gidan gwaggonsa. Har yau in Bafaranshe ya ji ƙanshin da ya mayar da shi gidan iyayensa, yakan ce wannan madalen ɗinsa ce.

Faransawa suna gasa ta cikin wani faranti mai gurabe, kowane gurbi da siffar makankari, amma mai zane-zane kamar buɗaɗɗen mafici. In ka ɗauke zanen nan, me ya rage? Faranti mai gurabe dai, watau tanda. Mu da muke bakin iyakar Bauchi, ƙasar masa, ba mu da ƙarancin tanda.

Bambancinta da masa

Kada kamannin ya ruɗe ki, uwargida. Masa, wadda waɗansu suke kira waina, da shinkafa ake yi, a sa yis, a bar ƙullu ya kwana ya tashi, sa'an nan a soya da mai a kan wuta ana juyawa. Madalen kuwa ba ta da yis, ba ta da tsami, ba a kuma juya ta. Abu biyu ne suke tashe ta: iskar da aka kaɗa cikin ƙwai, da bekin foda. Gasa ta ake yi, zafi yana zuwa mata ta ƙasa da ta sama lokaci ɗaya.

A nan na yi kuskurena na farko. Na nace a ɗora tandar ƙasa kai tsaye a kan murhu, kamar yadda na ga ana yi wa masa tun ina yaro. Sukari ba ya jimre harshen wuta. Kafin minti uku ƙasan ya zama gawayi, tsakiyar kuwa ƙullu tsababa. Ƙwai uku da gwangwanin man shanu suka tafi a banza. Maiɗakina ba ta yi faɗa ba, sai ta ce, "Malam, alli daban, muciya daban." Ban sāke gardama ba.

Kayan haɗi da awo

An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Wannan gaskiya ce wajen tuwo da miya. Wajen madalen kuwa ido ba ya isa, sai an auna. Asalin ƙa'idar mai sauƙi ce: nauyin ƙwai, da na sukari, da na fulawa, da na man shanu, duka su yi kusan daidai da juna. Mai sikeli ta auna giram 150 na fulawa, giram 130 na sukari, giram 130 na narkakken mai, ga ƙwai uku. Wadda ba ta da sikeli ta nemi ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, irin mai giram 170, ta wanke, ta shanya, shi ne mudunta.

Manyan ƙwan kaji, 3. In na kajin gida ne ko na zabi, 4, in sun cika ƙanƙanta 5.
Sukari, gwangwani 1, a shafe bakinsa.
Fulawa, gwangwani 2, amma na biyun kada ya cika, a bar kashi ɗaya cikin huɗu.
Narkakken man shanu, gwangwani 1, a rage kamar faɗin yatsa daga baki.
Bekin foda, ƙaramin cokalin shayi 1 da rabi.
Gishiri, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka.
Ɓawon lemun tsami 1 ko na lemun zaƙi, a goge.
Zuma, babban cokali 1, in akwai.

Ki lura, gwangwani ɗaya ne, amma nauyin abin da ya ɗauka ba ɗaya ba ne. Fulawa ba ta da nauyi kamar sukari, shi ya sa ake sa ta kusan biyu. Wannan awo zai ba ki wajen 20 zuwa 24, gwargwadon girman gurbin.

Kafin ki fasa ƙwai, ki sa shi cikin kwanon ruwa. Wanda ya nutse ya kwanta, mai kyau ne. Wanda ya taso sama, a yar. Ki riƙa fasa kowane a ƙaramin kofi tukuna, domin kada bara-gurbi ɗaya ya ɓata sauran.

Man shanu shi ne ran wannan waina, mu kuwa Allah ya ba mu maƙwabta Fulani. Ki sayi ɗanye sabo, wanda bai fara wari ba, ki wanke shi da ruwan sanyi har sauran nonon ya fita. Ki narka shi a wuta kaɗan-kaɗan, ba albasa, ba citta, gama wanda aka soya da albasa na tuwo ne. Zai yi kumfa, kumfar ta kwanta, ɗan gari-garin da ke ƙasa ya fara ja, ƙanshi kamar na soyayyar gyaɗa ya tashi. Nan take ki sauke, ki tace, ki bari ya huce. Masu dafuwa a Faransa ma haka suke yi wa nasu man in suna son ƙanshi. In ba man shanu, bota ta kanti ta yi. Man gyaɗa zai yi aiki, sai dai daɗin ba zai kai ba. Manja kam a bar wa miya.

Fulawa da bekin foda ana samunsu a kantunan Gwaram da Birnin Kudu. Ki duba kwanan watan da ke jikin gwangwanin bekin foda. In kina shakka, ki zuba rabin cokali cikin ruwan zafi: in ya yi kumfa nan da nan yana da rai, in ya yi shiru ya mutu. Kada a sa kanwa a madadinsa, za ta sāke launin, ta kuma ɓata ɗanɗano. Wadda take da alkamar gida, irin wadda ake nomawa da rani a kwarin Haɗeja, tana iya niƙawa ta tankaɗe sau biyu da rariya mai laushi. Wainar za ta ɗan fi duhu da nauyi, amma da daɗi. In fulawa ta yi tsada kuma, ana iya ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu a maye da lallausan garin shinkafa.

Yadda ake haɗawa

1. Ki tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri tare, ki ajiye gefe.

2. Ki goge ɓawon lemun a kan sukari, koren ko rawayan kaɗai, gama farin da ke ƙarƙashi yana da ɗaci. Ki murtsuka su da yatsu har ƙanshi ya tashi.

3. Ki zuba ƙwai a kan sukarin, ki kaɗa da maburgi mai tsabta. Wannan shi ne aikin da ke cin ƙarfi, kamar minti 8 zuwa 10. Ki ba yara su karɓe ki. Za ki ga ya yi fari, ya yi kauri, ya kusa ninka yawansa. In kin ɗaga maburgi, abin da ya zubo ya ɗan tsaya a sama kafin ya nutse, to, ya yi.

4. Ki ajiye maburgi, ki ɗauki cokali. Ki zuba garin sau uku, kina juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama. Da zarar farin gari ya ɓace, ki tsaya. Ba tuwo ake tuƙawa ba. In an dame fulawa da yawa takan yi danƙo, danƙon nan da ake nema a burodi da fankaso, shi ne yake sa madalen ta yi tauri.

5. Ki zuba zuma da man da ya huce, ki sāke juyawa a hankali har ya shige. In man yana da zafi zai dafa ƙwan, ya kuma kashe iskar da kika sha wahalar kaɗawa.

6. Ki rufe kwanon, ki sa shi wuri mai sanyi ya huta awa ɗaya.

Sanyi da zafi

Wannan hutu na ƙarshe shi ne yawancin mutane suke tsallakewa, shi ne kuwa yake kawo tozon. Ga dalili. In ƙullu mai sanyi ya shiga wuri mai zafi ƙwarai, gefe ne yake fara gasuwa ya tsaya cik. Tsakiya tana nan da sanyinta. Sa'ad da zafi ya kai gare ta, tururi da iskar bekin foda suka nemi hanya, ba su samu ta gefe ba, sai su tura sama. Tozo ke nan. In ƙullu da ɗumi ya shiga, ko wutar ba ta kai ba, duka za su tashi tare, wainar ta fito a baje.

Mai firiji ta sa a ciki, har ya kwana ma ya fi kyau. Mu da wutar lantarki ba ta zama mana tabbas ba, muna da dabararmu ta gida. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa a Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyukan jihar nan, har ya sami kyautar Rolex a shekara ta 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. Ruwan yana bushewa, yana tafiya da zafin cikin. Ta fi aiki lokacin da iska take a bushe, watau daidai hunturu, lokacin da muke bukatarta. Wadda ba ta da wannan ta ɗora kwanon cikin tasa mai ruwan randa. Amma a kiyaye: akwai ɗanyen ƙwai cikin ƙullun. In ba firiji, kada ya wuce awa biyu ba a gasa ba, kada kuma a bar yara su lashe kwanon.

Gashi ba tare da obin ba

Mai obin ta kunna shi tun da wuri ya kai digiri 200 na ma'aunin Selsiyos, ta gasa minti 10 zuwa 12. Sauranmu ga yadda muke yi.

Ki nemi babbar tukunya mai faɗi, mai murfin ƙarfe. Ki zuba busasshen yashi mai tsabta a ƙasanta, kaurin yatsu uku. Ki sa duwatsu uku ƙanana masu tsawo ɗaya a kan yashin, domin abin gashin ya zauna a kansu, kada ya taɓa yashi. Ki rufe, ki ɗora a kurfoti ko murhun da itacensa ya riga ya zama garwashi, ki zuba waɗansu garwashin a kan murfi. Ki bari ta yi zafi minti 20. Don gwaji, ki barbaɗa ɗan fulawa a kan murfin gwangwani ki sa ciki. In ta yi ja cikin minti biyu, zafi ya yi. In ta yi baƙi, ki rage wutar ƙasa. In tana nan fara, ki ƙara jira.

Tandar alminiyom marar kauri ta fi dacewa, gama tana ɗaukar zafi da sauri. In tandar ƙasa ce ko ta baƙin ƙarfe mai kauri, ki fara sa ta cikin tukunyar ta yi zafi kafin ki zuba ƙullu. Ƙananan kofunan alminiyom ma sun yi. Ki shafe kowane gurbi da man shanu sosai, ki barbaɗa fulawa, ki kakkaɓe. Ki sa ƙullu cokali ɗaya a tsakiya, kada ya wuce kashi biyu cikin uku na gurbin, kada kuma ki baje shi, zafi zai baje shi da kansa.

Ki rufe, kada ki buɗe kafin minti 8, ko da ƙanshi ya cika gida. Kowace buɗewa zafin sama take zubarwa. A tukunya takan ɗauki minti 12 zuwa 15. In gefe ya yi ja, tozo ya bushe, kin soka tsinke ya fito ba ƙullu, ta gasu. Ki ɗauko da tsumma mai kauri, ki fitar da su tun da zafinsu, ki jera a faifai su sha iska. Yashin nan yakan riƙe zafi tsawon lokaci bayan an sauke, saboda haka a kau da tukunyar daga inda ƙananan yara suke wasa.

In ƙasan ya ƙone sama bai gasu ba, wutar ƙasa ta yi yawa, ta murfi ta yi kaɗan. In ta manne, ba a shafa mai sosai ba. In ta yi tauri, an dame ta da yawa ko ta daɗe a wuta. In ta tashi ta koma, an buɗe da wuri.

Lissafi kafin sana'a

Madalen ta fi daɗi ran da aka gasa ta. Cikin gwangwani mai murfi takan kai kwana biyu ko uku, bayan haka ta fara bushewa, sai a tsoma a shayi yadda Faransawa suke yi. Abin marmari ce, ba abinci ba ce. Sukari da mai sun yi yawa a cikinta, don haka mai ciwon sukari ya yi hankali, kada kuma a hana yara ƙwan da za su ci a mai da shi waina kullum.

Na san waɗansu mata za su ce ga sana'a ta samu. Mai yiwuwa ne, amma a ɗauki fensir tukuna. Ki rubuta kuɗin ƙwai, da sukari, da fulawa, da mai, da bekin foda, da gawayi, har da ƙwan kajinki na gida, gama da kin kai su kasuwa da kuɗi ne. Ki tara, ki raba da yawan wainar da ta fito mai kyau, ban da ƙonannu da waɗanda aka ɗanɗana. Abin da ya fito shi ne uwar kuɗin kowace ɗaya. In mutanen unguwarku ba za su biya fiye da haka ba, ki bar ta ta zama ta baƙi da ta biki. In akwai riba, ki yi magana da mai shayi ko mai kanti ya riƙa karɓa da safe. A matsayina na malami ina roƙo, kada a cire yarinya daga aji a ɗora mata tire. Na sha ganin kujerar da ta zama wofi ranar kasuwa, daga nan ta zama wofi har abada.

Kada kuma ki jira daren Kirsimeti kafin ki gwada. Kowace tukunya da halinta, kowane gawayi da ƙarfinsa. Ki fara da ƙwai ɗaya, sulusin gwangwanin sukari, sulusin na mai, rabin gwangwanin fulawa da ɗan ƙari, da rabin ƙaramin cokalin bekin foda. Za ki sami kamar bakwai. In sun ƙone, asarar kaɗan ce, kin kuwa san wutarki. Mu sai a karo na uku muka ga tozo, ƙaramin ɗanmu ya fita da gudu yana kiran maƙwabta su zo su gani. A bana mun riga mun yi magana da mai kawo mana man shanu, mun kuma gaya wa mai kanti kada ya ajiye mana biskit. Wadda ta gwada ta rubuto wa Edita yadda ta kaya, musamman in ta sami wata dabarar da ta fi tamu.